Kan Sarki da Goron Gayyata

Shekarar da Mama ta rasu na ɗauko Baba daga Kumasi na kawo shi Greensboro, a Amurka. Ba da son ransa ya zo ba. Ni ce babbar 'yarsa, kuma sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa bai taɓa kiran sunana ba, sai dai ya ce Uwata. To a wannan karon na hau kujerar da kyau, na ce uwa ta yi magana, dole ɗa ya bi. Yana da hawan jini, ga ciwon suga, kuma na san halinsa: in ba a tsaya a kansa ba, zai sha magani ranar Litinin ya ce ya ishe shi har Juma'a. A gidanmu na zango babu wanda ya rage da zai iya yi masa faɗa. Tsorona shi ne wata safiya a bugo mini waya a kansa, yadda aka bugo mini a kan Mama.

Ya zo, amma ya ƙi kwance akwatinsa. Wata shida akwatin nan yana tsaye a bayan ƙofa, in zai canza riga ya buɗe ya zaro ɗaya ya sake zugewa. Gidanmu yana gabashin gari kusa da jami'a, unguwar da in ka ga mutum yana tafiya a ƙasa, to motarsa ce ta lalace. Ni ina aiki a gidan kula da tsofaffi, maigidana yana tuƙa motar kai kaya, 'yarmu kuma ma'aikaciyar jinya ce. Kowa ya watse da safe, a bar Baba da talabijin. Wannan fa mutum ne da ya yi shekara arba'in yana fataucin goro, wanda in ya shiga kasuwa ake tashi a ba shi benci. Abin yana ci mini rai, in wuni ina ba iyayen wasu abinci a baki, nawa uban yana zaune a taga yana kallon motoci.

"Uwata, ƙasar nan ba ta da aikin da tsoho zai yi koraa, ko kaɗan," haka yake tare ni in na dawo. "Ko kaza ana ba ta tsakar gida ta yi tono. Ki nema mini tikiti."

In ce sai an yi Sallah. In an yi Sallah in ce sai sanyi ya wuce.

Wata Asabar na tafi da shi gidan waya zan aika wa ƙanena takalma, don dai ya sha iska. Matar da ke kan kanta wata baƙar Ba'amurkiya ce mai fara'a, irin waɗanda ke kiran kowa da sunan lele ko da ya girmi ubansu. Tana auna kayana take gaya mini in ina bukatar kan sarki gara in saya yanzu, don an kusa ƙara kuɗi. Baba ya matso. Turancinsa na kasuwar Kumasi ne, nata kuma na Kudu mai jan baki, sai da na shiga tsakani. Ta bayyana masa cewa akwai wani kan sarki da ba a rubuta farashi a jikinsa. In ka saya yau, ko shekara nawa aka yi, ko sau nawa aka ƙara kuɗin aika wasiƙa, shi ɗin zai kai maka wasiƙarka. Ta ce sunansa ma na har abada.

"Har abada sai Allah," in ji Baba. Sannan ya dafa kanta. "Tambaye ta, yana ruɓewa?"

Ba ya ruɓewa.

"Ƙwaro yana cinsa? Sai an riƙa yayyafa masa ruwa?"

Matar tana dariya ta ce a'a. Ya tambaya ko farashin ya saba faɗuwa, ta ce ita dai abin da ta saba gani shi ne hawa. Mutanen da ke bayanmu a layi suka fara gyaran murya, Baba ko a jikinsa.

Muka shiga mota, muka wuce fitilu uku. Can sai ya ce shi duk rayuwarsa hajar da ke mutuwa a hannu ya riƙe. Ka kwance huhun goro bayan 'yan kwanaki, ka tsince waɗanda sankara ta taɓa, ka canza ganye, ka yayyafa ruwa, ka yi ta lallaɓa shi har lokacin tsada ya kusa, sai kawai wata babbar mota ta sauke sabo a kasuwa farashi ya zube. "Yau kuma na ga hajar da ba ta jin zafi, ba ta jin sanyi, kullum sama take yi, kuma mutanen garin suna wuce ta suna zuwa sayen kofi. Uwata, Turawan nan ba su san kasuwa ba."

Daga ranar duk dalar da ta shiga aljihunsa gidan waya ta nufa. Ɗan abin da nake ba shi na kashewa, da wanda samari ke damƙa wa dattawa a masallaci, da goron Sallah, duk can suke ƙarewa. Mutumin da ya ƙi koyon ɗuma abinci a na'ura, sai ga shi ya koyi hawa bas shi kaɗai, har ya san direbobin. Ya karɓe mini babban gwangwanin biskit da nake zuba zare da allura, ya riƙa jera takardun kan sarkin a ciki, duk masu hoton tuta, yana sa farar takarda a tsakaninsu. Da ya cika ya karɓe na biyu. Na yi dariya har na gaji, amma ban hana ba, saboda maganar tikiti ta mutu. Maigidana ya ce, "Ki ƙyale shi, wannan ya fi maganin hawan jini arha."

Ranar da aka ƙara kuɗin, babbar riga ya sa ya zauna a falo yana jiran mu dawo mu yi masa barka. Mun yi. Sai kuma aka zo ga abin da bai tambayi matar kanta ba, wato wa zai saya. Ranar Juma'a ya ɗauki gwangwani ɗaya zuwa masallaci, bayan an idar ya zauna a bakin ƙofa ya buɗe. Kowa ya zo ya gaishe shi da ladabi, ya leƙa, ya yaba, ya wuce. Mutanenmu ta waya suke biyan kuɗin wuta da na ruwa, ta waya suke gaisawa da gida, ta waya suke faɗa da 'yan'uwansu. Wani mutumin Nijar ya ce, "La poste? Gidan waya? Alhaji, ai tun ina ɗan sakandare a lycée rabona da ita." Baba ya dawo da gwangwaninsa yadda ya fita da shi, kuma kafin mako ya zagayo na sake jin kalmar tikiti.

Ana cikin haka aka sa ranar auren 'yarmu da wani yaro ɗan asalin Damagaram. Ita ta haɗa katin gayyata a waya, mai furanni da kiɗa, ta danna ya tafi ga kowa. Ta kawo wa kakanta ya gani.

"An ƙwace mini mata, kuma ko goro ba a ba ni ba," ya ce, ta yi dariya. Sai ya ɗaure fuska. "Wannan abin naki sanarwa ce, ba gayyata ba. A zango goro ake kai wa mutum. Wanda ya ci goronki ba shi da bakin cewa bai ji ba."

Ta amsa masa da Turanci kamar yadda ta saba, cewa ba a yin haka a nan. Ya ce to aƙalla a buga kati na takarda, a ba shi adireshin mutane, shi zai aika, tunda yana da kan sarki. Na yi murna ƙwarai. Ga aiki ya samu, ga haja za ta ragu. Na buga masa kati fiye da ɗari, na ba shi ambulan da jerin sunaye, ban ƙara tambayar komai ba, kuma a nan laifina yake.

Daga baya na ji yadda aka yi. Ya je shagon kayan abincinmu na gida, ya raina goron da ke kan tebur, ya sa mai shagon ta kwance masa sabon ɗauri. Ya zauna ya tsinci ƙanana masu ɗan faɗi, saboda tun kafin nan ya je ya auna bakin shuɗin akwatin wasiƙu na kan kwanarmu da yatsunsa. Kada wani ya ce Baba bai yi tunani ba, ya yi. Kowace ambulan ya sa mata kati ɗaya, da goro ɗaya a naɗe a leda, da kan sarki ɗaya a goshi. Sawu uku ya yi zuwa akwatin, ya dawo ya yi sallar la'asar da kwanciyar hankali.

Kwana huɗu bayan haka wayata ta fara ƙara a wurin aiki. Na farko wani ɗan zangonmu ne da ke aiki a ma'ajiyar kujeru, wanda ya daɗe yana jiran amsar takardun zamansa. An bar masa 'yar takarda a ƙofa cewa yana da saƙo a gidan waya, ya zo ya biya ciko ya karɓa. Bawan Allah ya ɗauki hutun yini, ya sa kwat, ya sa katin lauyansa a aljihu, ya bi layi yana salati. Aka miƙo masa goro.

"Anti, wallahi na ɗauka maganar takarduna ce," ya ce. "Na gode da gayyata, amma don Allah nan gaba a bugo mini waya."

Sai shugabar 'yata a wurin aiki, wata Baturiya mai kiwon dawaki a Summerfield, ta kira ta cikin jin daɗi tana tambaya ko irin shuka ne, kuma a inuwa ake sa shi ko a rana. Da na iso gida na tarar mai raba wasiƙu ya ajiye mana roba guda a bakin ƙofa, cike da waɗanda aka dawo da su. An buga musu jan hatimi, wasu kuma inji ya murƙushe su, ruwan goro ya rine katin. Ashe kan sarki ɗaya shimfiɗaɗɗiyar wasiƙa kawai yake ɗauka. Duk abin da ya yi tudu ya zama ƙunshi, kuɗinsa daban.

Duk wannan da sauƙi. 'Yata ta shigo idanunta jawur ta ce gwaggon ango, wata Hajiya da ke zaune da ɗanta a Sedgefield, wadda ita ce babbar danginsu a ƙasar nan, tana cikin waɗanda suka je suka biya. Mun sa suruka ta sayi goron gayyatarmu da kuɗinta.

Ni ina da zuciya, kowa ya sani, kuma ranar na yi awa goma a tsaye. Na sami Baba a falo da wata murƙusasshiyar ambulan a hannu yana jujjuya ta.

"Baba, nan fa ba zango ba ne! Ka ja mana abin kunya a gaban surukai. Me ya sa ba za ka zauna kawai ka huta ba? Wa ya ce lallai sai ka yi wani abu?"

Ya ɗago ya dube ni. Bai yi fushi ba, da ma ya yi.

"Gaskiyarki, Uwata. Ba wanda ya ce." Ya ajiye ambulan ɗin a kan tebur ya miƙe. A bakin ƙofar ɗakinsa ya juyo. "In an ɗaura aure zan tafi. Wannan karon ba tambayarki nake yi ba."

Ban taɓa faɗin maganar da na yi nadamarta kamar wannan ba. Abin da yake gaya wa kansa tun zuwansa, cewa ba shi da amfani a gidan nan, shi na ɗauko na tabbatar masa da bakina. Da safe na durƙusa na ba shi haƙuri. Ya ce ya yafe duniya da lahira, ya sa mini albarka, ya kuma ce maganar tafiya tana nan.

Ranar Asabar sai ga Hajiya da kanta, ba sanarwa. Na tashi da sauri na tare ta. Na shimfiɗa darduma, na ɗora shayi, na gaishe ta ya fi sau biyar. Ta buɗe jaka ta zaro ambulan ta ajiye a gabanta.

"Wa ya aiko mini da wannan courrier?"

Baba ya fito daga ɗaki. "Ni ne, Hajiya. Laifin nawa ne, ba na yaran ba."

"Na sa an fito da mota, na bi layi, na biya kuɗi, a kan goro ɗaya. Da a Damagaram ne da yanzu mata sun sa ni a waƙa." Ta kurɓi shayi, ta bar mu muna zufa. "A cikin mota na cinye shi. Alhaji, ina ka samo goron nan? Ni wanda ake sayo mini kamar katako yake."

Baba ya jawo kujera. Awa guda suka yi a kan goro, wanne ne ɗaushe, wanne ne sabon ɗauka, yadda ake gane mai kyau tun daga fatarsa. Da za ta tafi ta ce tun da ta zo ƙasar nan ba wanda ya taɓa gayyatarta da goro, sai dai waya ta yi ƙara. Ta sa aka juye mata waɗanda suka tsira daga robar nan a leda, ta ce ita za ta raba wa danginsu hannu da hannu.

Biki ya cika maƙil. Duk wanda ya shigo sai ya nemi Baba. "Alhaji, mu fa mun biya kuɗin shiga, a ƙaro mana nama!" Ya yi dariya har yana share hawaye, ya rama wa kowa. Na ce a raina shi ke nan, magana ta wuce. Mako ɗaya da kai amarya ya ce in duba masa jirgi.

Abin da ya tsaya masa a wuya gwangwanayen nan ne. Kan sarkin Amurka ba ya aiki a Kumasi. Ya kwashe su ya kai wa matar kanta ya ce ya dawo da kaya, ta riƙe hannunsa ta ce abin da aka saya an saya. Maigidana ya ce shi zai saye duka, Baba ya ce wannan ba ciniki ba ne, tausayi ne, kuma shi bai kai nan ba tukuna. Na ce to ya bar mana su mana.

"Shekara arba'in ban taɓa barin kasuwa da kaya a ƙasa ba," ya ce. "In sun ƙare, in tafi."

Ya kuwa tashi haiƙan don ya ƙarar da su. Ya tilasta wa maigidana ya koma biyan kuɗin wuta da ruwa da cek a ambulan. Duk wanda aka yi wa haihuwa a cikin mutanenmu sai ya sami wasiƙar barka, wanda aka yi wa rasuwa a gida ya sami ta ta'aziyya, da rubutun hannu, da addu'a a ƙasa. Kafin ya liƙa kan sarki sai ya shafa ambulan da tafinsa ya tabbatar babu tudu. Hajiya ta aiko masa da adireshin mutanenta na Nijar. Mutanen da suka yi shekaru ba abin da ke zuwa akwatinsu sai takardun bil da talla, suka fara bugo waya suna godiya, wasu su zo har gida, wasu su ɗauke shi zuwa suna ko sasanta ma'aurata. Wata rana sai in dawo daga aiki in tarar ba ya nan, sai ya bar mini takarda a kan firiji.

Kowa yana yaba wa Baba, ni kuma hankalina yana tashi. Cikin 'yan watanni gwangwani na farko ya ƙare, ya wanke shi ya dawo mini da shi in ci gaba da zuba zarena. Duk ambulan ɗin da ta fita daga gidan, ji nake an rage mini kwanakin da zan yi da ubana. Ba zan iya ce masa ya daina rubutu ba, ni da na riga na ce masa ya zauna ya huta sau ɗaya na ga abin da ya biyo baya.

Sai na fara zuwa wani gidan waya daban, kusa da wurin aikina, don kada ƙawarsa ta kanta ta tona ni. In sayi 'yan takardu masu tuta, in jira ranar Juma'a ya tafi masallaci, in shiga ɗakinsa kamar ɓarauniya in tura su ƙarƙashin nasa. Ni da na yi masa dariya har da riƙe ciki, ni ce yanzu a layi, kuma a sabon farashi. Na yi haka sau da yawa, gwangwani na biyu ya tsaya cak a rabi. Wata rana ina sauri na karɓi abin da aka miƙo mini ban duba ba, sai a ɗakinsa na ga masu hoton tsuntsaye ne. Na ji motsin mota a waje, na cusa su can ƙasa na fito.

Ranar Lahadi bayan azahar ya kira ni. Gwangwanin yana buɗe a kan gado, takardar tsuntsayen tana kan gwiwarsa.

"Uwata, zo ki ga ikon Allah. Tutocina sun ƙyanƙyashe."

Na tsaya a bakin ƙofa.

"Tun na farkon da kika sa na gani," ya ce. "Ke kina zaton ɗan kasuwa bai san hajarsa ba? Yaushe kika sayi waɗannan?"

Na faɗa masa. Ya girgiza kai da takaici na gaske.

"Bayan an ƙara kuɗi kika je. Ke dai ba ki gaji komai a wurina ba."

Na so in yi dariya, sai kuka ya zo. Na zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa, mace mai suruki, ina share hanci da bakin mayafi. Na ce, "Baba, ba na so ka tafi. Ba don magani ba. Ni ce ba na so."

Ya tattara takardun ya daidaita gefensu, ya mayar da su ɗaya bayan ɗaya, ya ɗora ta tsuntsayen a sama, ya danna murfi da hannu biyu.

"Ƙawata ta ce ana maganar wani ƙarin," ya ce yana kallon gwangwanin. "In za ki sake saya, ki tafi da ni. Kafin a ƙara ake zuwa, kuma da yawa ake saya."

Na ce to, Baba. Ya ce in ja masa ƙofa, yana da wasiƙu uku da bai gama ba.